Tsohon injin niƙa: me ya niƙa kafin ya zo hannunmu?

Jawabin da aka gabatar a wani taron wakilan ƙungiyoyin mata da na manoma daga ƙauyuka. Mun buga shi kamar yadda aka faɗa, domin a karanta a cikin ƙungiyoyi.

Na san waɗansu tun asuba suka baro gida, waɗansu kuma sun bar aiki a gona, saboda haka ba zan riƙe ku fiye da kima ba.

An roƙe ni in yi magana a kan injin niƙa, musamman irin wanda ake saya na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi aiki da shi. Ni ba bakanike ba ne. Abin da na sani a kan inji, rabi a bakin makanikai na ji, rabi kuma wahala ce ta koya mani. Amma kusan kowace ƙungiya da na ziyarta, in aka tambayi mata abin da suke so a fara saya da kuɗin asusu, inji suke cewa. Ba abin mamaki ba ne. Wadda ta taɓa tashi da duhu ta yi surfe, ta wanke, ta shanya, sa'an nan ta ɗora wa yarinya kwano a ka zuwa wani gari niƙa, ita ta san darajar inji a ƙofar gida. Sabo kuwa ya yi tsada, don haka idon kowa yana kan na hannu.

Bari in fara da abin da ya sami wata ƙungiyar mata da nake aiki tare da ita. Sun yi fiye da shekara suna zuba adashi. Ran nan mijin ɗaya daga cikinsu ya je kasuwa, ya ga inji a wurin masu sayar da tsofaffin ƙarafa, an yi masa kuɗi ƙasa da rabin na sabo. Bai tsaya dogon bincike ba, ya ba da kafin alƙalami. Bayan kwana biyu aka cika kuɗi, aka kawo inji a bayan a-kori-kura. Yara suka bi motar da gudu, mata suka yi guɗa. Aka aika a kira ni.

Da na zo sai na tarar an kewaye shi ana gardama. Wannan ya ce na markaɗe ne, wancan ya ce na casar shinkafa ne. Babu suna a jikinsa, babu lamba, an kuma shafe shi da sabon fenti kore har kan notuna. Abin da mai sayarwa ya faɗa kawai shi ne, daga yamma aka kawo shi, kuma yana aiki lafiya lau.

Gane irin inji ba shi da wuya in an buɗe cikinsa. Kada ku dubi fenti, ku dubi abin da ke cin hatsin. In kun ga fayafayan ƙarfe biyu masu tsaga-tsaga kamar haƙora, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, da wani abin murɗawa a gaba da ake matse su ko a sassauta, to wannan shi ne injin da muka fi sani a ƙauye. Yana niƙa busasshen hatsi, yana kuma markaɗa jiƙaƙƙe, kamar waken ƙosai da kayan miya da geron koko. In kun ga ƙananan ƙarafa masu lilo jere a jikin sanda, da rariyar ƙarfe a ƙarƙashinsu, wannan dukan hatsi yake yi har ya fita ta rariyar. Busasshe kaɗai yake ci, jiƙaƙƙe toshe shi yake yi, kuma yana son inji mai ƙarfi ya ja shi. In kuwa doguwar sanda ce mai kauri kwance cikin rariya, da wani ƙarfe kamar wuƙa da ake matsowa kusa da ita, to ba gari yake yi ba, ɓawo yake cirewa, na surfe ne ko na shinkafa. Ƙananan da ake ɗaurewa a bakin tebur ana juyawa da hannu ma haka ne: mai fayafayai na gyaɗa da masara ne, mai wuƙa da faranti mai huji na nama ne, mai dutse zagaye kuma na wasa wuƙa da lauje ne.

Namu mai fayafayai ne, haɗe da injin dizal. Gardama ta ƙare ke nan. Amma bakaniken da muka kira, wani dattijo ne mai ƙarancin magana, ya kwance murfin, ya leƙa, ya daɗe bai ce kome ba. Can ya ɗago ya ce mani, "Malam, wannan ba dawa ya ci ba. Dawa ba ta cin ƙarfe haka."

Wannan magana tasa ita ce dalilin tsayuwata a gabanku yau. Domin ku gane abin da ya sa gabana ya faɗi da na ji ta, sai na kai ku Sunke.

Abin da ya faru a Sunke

Sunke ƙauye ne a ƙaramar hukumar Anka, a yammacin jihar Zamfara, ba nisa da Bagega. Manoma ne kamar mu, gero da dawa da kiwo. Tun da daɗewa an san akwai zinariya a ƙasar Anka da Bukkuyum. Amma farashinta a kasuwar duniya, wanda bai kai dala 300 a kan oza ɗaya ba a shekarar 2001, ya haura dala 1,000 a 2009. Wanda noma bai kai shi shekara ba ya ga hanyar samu a bayan gari. Wa zai ga laifinsa?

Ga yadda aikin yake. A haƙo dutse a rami, a zuba a buhu, a kawo gida. A farfasa da guduma. Mata su daka a turmi a tsakar gida. Sa'an nan a kai injin niƙa, irin wannan dai mai fayafayai da muka sani, ya mai da dutsen gari. A wanke garin a bakin tafki, a cuɗa da zaiba ta kama zinariyar, a ƙona zaibar ta tashi, zinariya ta rage. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, dutsen da suka shiga haƙowa a lokacin cike yake da dalma, a waɗansu ramukan fiye da kashi 10 cikin 100. Muddin dutse yana dunƙule a cikin ƙasa, dalmar tana ɗaure a jikinsa. Inji ne ya kwance ta. Ya mai da ita ƙura mai laushi kamar garin tuwo, iska ta kwashe ta, ta sauka a tsakar gida, a kan shanya, a bakin rijiya, a tafin hannun yaro mai rarrafe.

Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo kome a ransa. Sai yara suka bi. Ciwon ciki, amai, kasala, daga nan jijjiga da suma. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da suke zagayen neman masu ciwon sanƙarau, suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Aka ba yara maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Sai da aka aika da jini Turai aka gwada, aka ga dalma ce.

Masu bincike na hukumar CDC ta Amurka, tare da jami'an lafiya na Nijeriya, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun mutu a shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ku dubi yaran unguwarku ku ƙirga. Kusan gida biyu cikin uku ana sarrafa dutsen a cikin gida ne. A ma'aunin da likitoci ke auna dalmar jini, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in yaro ya kai 5 a nemi inda yake samun gubar a raba shi da ita, in ya kai 45 yana bukatar maganin fitar da ita. Na'urar da aka zo da ita ƙauyukan iyakarta 65, kuma yara da yawa sun wuce inda take iya karantawa. An ƙiyasta yara kimanin 400 suka mutu a yankin, dubbai kuma suka kamu.

Me ya sa yara, alhali manya ne ke aikin? Yaro a ƙasa yake wasa, kome ya samu baki yake kaiwa. Kuma in babba da yaro suka haɗiye dalma daidai wa daida, jikin yaron yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotse. In yana da yunwa ko ƙarancin jini, tsotsewar ta fi haka. Ƙwaƙwalwarsa kuma tana kan girma, ɓarnar da dalma ta yi mata ba ta gyaruwa. Mace mai ciki ma ba ta tsira ba, domin dalmar da ta kwanta a ƙashinta tana fitowa ta shiga jikin ɗan da ke ciki.

Magani kaɗai bai isa ba, domin in aka wanke jinin yaro aka mai da shi tsakar gidan da ya kwashi gubar, aikin banza aka yi. Sai da sarakuna da masu gari suka sa aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari. Sa'an nan aka shiga kankare ƙasa. Gida gida, ɗaki ɗaki, aka kwashe ƙasar sama kamar kaurin yatsu uku, aka kai rami na musamman aka binne, aka kawo sabuwa aka shimfiɗa. Hukumomin jihar Zamfara ne suka yi aikin tare da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, matasan ƙauyukan kuma su ne suka riƙe fartanya da shebur. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Sunke tana cikin rukuni na biyu, tare da Abare, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza, daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai 2013 aka yi tata, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga gwamnatin tarayya. MSF ta yi jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, ta gwada jinin yara fiye da 8,000 kafin ta miƙa aikin ga hukumomin jihar a 2022.

Akwai abubuwa biyu da binciken ya nuna waɗanda suka shafe mu kai tsaye. Wata tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta auna ruwa a Sunke da maƙwabtanta a ƙarshen daminar 2010 ta sami dalma a tafkuna da waɗansu buɗaɗɗun rijiyoyi, amma ruwan burtsatse ya fita lafiya. Wato ba daga ƙarƙashin ƙasa gubar ta fito ba, daga sama ta faɗa. Na biyu, waɗanda suka bi sawun abinci sun ga cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi ba a gona ta shiga ba. Bayan girbi ta shiga, wurin sussuka, wurin shanya, a buhu, a turmi, a inji. Hatsi mai kyau ya shiga kayan aiki mai guba, ya fito da ita.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Zamfara ne kuma ya wuce. A 2015 irinsa ya auku a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a yankin Shikira, yara 28 suka mutu. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024. A tsakanin nan mutane da yawa sun bar ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. In aiki ya tsaya a wani wuri, ko mai shi ya yi gudun hijira yana neman na abinci, ƙarfe ba ya ruɓewa, kasuwa yake shiga. Ya bi hannu uku ko huɗu, ya sha fenti, ya iso garinku. Mai sayar da shi na ƙarshe wataƙila shi kansa bai san tarihinsa ba.

Yadda ake bincika

Kafin a taɓa noti ɗaya, a fitar da injin bayan gari, nesa da rijiya da wurin shanya. A shimfiɗa leda a ƙarƙashinsa. Yara su koma gida, masu ciki da masu goyo su ma haka. A yayyafa masa ruwa domin kada ƙura ta tashi. Kada a hura da baki, kada a kakkaɓe da tsintsiya. Mai kwancewa ya rufe hanci da baki, in ya gama ya wanke hannu da sabulu, ya canja riga kafin ya shiga gida, a wanke rigar dabam.

Abin da dattijon nan ya gani shi ne irin cin da aka yi wa ƙarfen. Hatsi yana cinye haƙoran faifai a hankali, wata da watanni, ya bar jikin injin kusan yadda yake. Farin dutsen da zinariya ke zama a jikinsa kuwa ya fi ƙarfen tauri. Yana share haƙoran sumul, ya ci jikin murfin har ya yi sirara, ya huda bakin da gari ke fita. Namu an yi masa facin walda wuri uku a ciki, kuma cikin ya yi santsi kamar an goge shi da yashi. Ku duba boris ɗin ma. Wanda ya sha ƙurar dutse yana ƙara, yana girgiza, giris ɗinsa yana da tsakuwa-tsakuwa.

Sa'an nan a nemi abin da ya maƙale a inda wanki ba ya kaiwa: bayan faifai, ramin notuna, ƙasan mazurari, cikin matatar iska ta injin dizal. A kankaro da jiƙaƙƙen tsinke. Tsohon garin hatsi yana dunƙulewa, yana tsami, yana fumfuna, sau da yawa za ku ga ƙwari ko sawun kiyashi. Garin dutse ba ya wari, ƙwaro ba ya kula shi. A zuba kaɗan a kwalba mai ruwa a girgiza. Garin hatsi yana sa ruwa ya yi fari, ya kwana ya yi tsami. Na dutse yana nutsewa ya kwanta a gindi kamar yashi. In akwai aidin, irin na wanke ciwo, a ɗiga a kai: garin hatsi yana komawa shuɗi mai duhu saboda sitaci, na dutse ba ya canjawa. Wani lokaci za ku ga ɗan ƙyalli mai toka-toka kamar kwalli. Kwallin dutse da iyayenmu ke niƙawa, yawancinsa dutsen dalma ne, shi ya sa ma ma'aikatan lafiya ke roƙo a daina sa wa jarirai. Amma wannan maganar wata rana ce.

Ina roƙonku abu ɗaya. Kada kowa ya lasa. Na san halinmu, in muka ga gari sai mu dangwala mu kai harshe mu ji ko na mene ne. A gabana wata uwa ta miƙa yatsa, sai da na riƙe hannunta. Dalma ba ta da ɗaci da za ta gargaɗe ku. Maganaɗisu ma ba ya kama ta, ƙarfe kawai yake ɗauka.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai. Waɗannan gwaje-gwaje suna iya nuna maku cewa inji ya niƙa dutse. Ba su iya tabbatar maku cewa bai niƙa ba. A ƙauyukan da na ambata akwai injin da ya yi aiki biyu, dutse da hatsi. In kun ga tsohon gari ya yi shuɗi da aidin, abin da kuka sani kawai shi ne hatsi ya bi ta wurin. Tabbaci sai awo. Akwai na'urar hannu da ake kira XRF, wadda aka yi aikin kankare ƙasa da ita, ana ɗora ta a kan ƙasa ko ƙura ta faɗi yawan dalma cikin ɗan lokaci. Ɗakunan gwaji na jami'o'i irin su Ahmadu Bello a Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ma suna auna irin wannan. A zuba abin da aka kankaro a kwalba mai tsabta, a rufe, a nemi jami'in lafiya na ƙaramar hukuma ya nuna hanya. In awo bai samu ba, to sai tarihi. Wa ya mallake shi? A wane gari? Za mu iya zuwa mu ga inda aka kafa shi, mu tambayi matan unguwar? Matambayi ba ya ɓata. Inji mai kyau yana da shaidu, domin duk unguwa ta ci tuwonsa. Wanda aka kasa faɗin inda ya fito, ni a ganina, cinikin biri a sama ne, a bar shi ko nawa aka rage.

Namu, abin da muka kankaro ya nutse a kwalba kamar yashi, aidin bai canja shi ba. Sai aka zauna shawara, kuma ba zan ɓoye maku ba, zaman bai yi daɗi ba. Ma'ajiyar ƙungiya ta ce a wanke shi da ruwan zafi da omo, a niƙa dusa buhu ɗaya a zubar, shi ke nan. Ta ce, "Malam, kai albashi kake ɗauka. Mu gyaɗa muka soya muka tara kuɗin nan." Gaskiya ta faɗa, ban kuwa sami abin cewa nan take ba. Mai sayarwa ya ƙi karɓar kayansa, ya ce ciniki ya faɗa.

Abin da na gaya masu shi nake gaya maku. Kan injin da ya niƙa dutse ba ya komawa abinci. Ƙarfen zubi yana da ƙananan ramuka da tsaga, ga facin walda, ga lungunan da hannu ba ya kaiwa. Wanki yana rage ƙura, ba ya ƙarar da ita, kuma girgizar inji tana fito da saura kaɗan-kaɗan cikin garin kunun yara. Likitoci sun ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Abin da ya fi muni, yawancin yaran da ke ɗauke da ita ba sa nuna alama. Sai an kai su makaranta a ga karatu ba ya zama, a ce yaron ne ba shi da kai.

Amma ba duka aka yi asara ba. Injin dizal ɗin da ke jan sa ba ya taɓa hatsi. Aka raba shi da kan, aka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma sau da yawa a can bayan gari, aka jefar da matatar iska aka sa sabuwa, aka juye baƙin mai. Tsummokaran da ledar da ruwan wankin duk aka binne a rami mai zurfi nesa da ruwa. Kan kuwa, wato mazurari da murfi da fayafayai da sandar ciki, wani ya zo ya taya. Matan suka ƙi, domin sun san wani ƙauye zai kai shi. Aka jiƙa shi, aka farfasa da babbar guduma yadda ba zai sake haɗuwa ba. Suka ƙara wata biyar suna zubi, suka sayi sabon kai.

Wannan hukunci bai tsaya a kan inji ba. Turmi da taɓarya da aka daka dutse da su, itace ne, ya sha ƙurar har ciki. Kada a daka abinci a ciki, kada kuma a faskara a hura wuta da shi, domin dalmar tana bin hayaƙi, tana zama a toka. A binne. Tsofaffin buhuna da ake saya a kasuwa don zuba hatsi, da kwanoni, da ledar shanya, duk a tambayi inda suka fito. In akwai masu aikin dutse a garinku, ba na ce a yi gaba da su ba, 'ya'yanmu ne, abinci suke nema. A roƙe su su yi niƙansu nesa da gari, su riƙa jiƙa dutsen da ruwa, su yi wanka su canja tufafi kafin su dawo gida. An gwada fesa ruwa a wurin niƙa a jihar Neja, ƙurar dalmar da ke tashi ta ragu ƙwarai. In kuma kuna zaton yaro ya riga ya sha gubar, a kai shi asibiti, a faɗa wa likita a fili cewa ana aikin dutse kusa, domin ya san abin da zai gwada.

In inji ya ci jarrabawa, kafa shi ba dogon zance ba ne. A ɗaure shi a kan siminti ko katako mai nauyi. Bakanike ya daidaita bel ya miƙe sosai, in ba haka ba zai yi ta tsinkewa yana cin boris. A yi wa bel ɗin keji na waya ko na langalanga. Na nanata wannan, domin zane da mayafi da hannun yaro ba su da wuyar shiga. Hayaƙi ya fita waje ta bututu. Kada a bar fayafayai suna gugar juna babu hatsi a tsakani, domin ƙarfen da suka ci cikin gari yake zuwa. Duk lokacin da aka sa sababbi ko aka wasa tsofaffi, a fara da dusa mudu ɗaya ko biyu a zubar, a bi garin farko da maganaɗisu a ga ko yana kwaso baƙin gari. A tsince tsakuwa daga hatsi kafin a zuba. In an yi markaɗe a wanke a bar shi ya bushe kafin a koma busasshe. Kuɗin da ke shigowa kuma kada a raba shi duka. A ware na mai, a ware na gyara, domin faifai da bel ba sa ba da sanarwa.

Matan nan sun rubuta doka a ƙofar ɗakin injinsu, cewa abinci kaɗai ake niƙawa a nan, kuma makulli yana kwana a hannun mace biyu. Ba a yi wata shida ba wani saurayi ya zo da dare da ɗan buhu a bayan babur, ya ce zai biya ninki uku na kuɗin niƙa, minti goma kawai. Ma'ajiyar nan da ta yi mani faɗa ita ce ke riƙe da makulli a ranar. Ta ce masa, "Ɗana, buɗe in gani." Da ya ƙi buɗewa, ta ba shi ruwa ya sha, ta ce ya gaida gida.

Na kawo fayafayai biyu, suna kan tebur a baya. Ɗaya sabo ne, ɗaya kuma wanda hatsi ya cinye a injin da muka san tarihinsa. In an tashi shan ruwa ku zo ku taɓa, ku ji bambancin haƙoran da yatsunku. Wanda dutse ya cinye ban kawo shi ba, hotonsa kawai na kawo, yana manne a jikin allo.